Hannu Uku, Kanta Ɗaya

"Ajiye injin nan! Ajiye na ce!"

Auta ta tsaya cak, bakin injin huda bango yana jingine da siminti. Zuciyarta ta buga, amma ba don tsoro ba. Wata biyar ke nan da aka sallamo mijinta daga asibiti babu hannun dama, kuma yau ne ya fara ɗaga murya a gidan.

Da can, in ka ce kafinta a unguwar, shi kake nufi. Tun da motar katako ta kife da shi, ya koma mutumin kujera ɗaya a bakin taga. Jiya har ya kira yayanta a waya, ya ce ya zo ya ɗauki ƙanwarsa, kada ƙuruciyarta ta ƙare a jinya. Umma mahaifiyarta ma ta goyi baya. Ƙarfe huɗu Yaya zai iso.

Maimakon ta haɗa kaya, sai ta jawo wani katako daga ƙarƙashin gado. Shi ya goge shi da kansa kafin hatsarin, zai yi mata kantar littattafai irin wadda ba a ganin abin da ya riƙe ta, sai ka ce bango ne ya haife ta.

"Ba ki ga soket a ƙasa ba?" Ya miƙe yana huci. "Wayar wuta ta nan ta bi! Kashe kanki za ki yi?"

"To ina ruwanka? Ba korata ka yi ba?"

"Auta..."

"Alkawarin kanta aka yi mini a gidan nan. Sai na ga littattafaina a kanta zan fita, ko da wuta za ta ja ni."

Ya dube ta, ya dubi layin da ta ja da fensir, ya yi tsaki.

"Wannan layi ne ko hanyar maciji? Miƙo lebur."

Ta miƙa masa ma'aunin duba daidaito mai kumfa a ciki da sauri, tana danne murmushi. Ya matsa taku biyu daga soket ɗin, ya ƙwanƙwasa bangon yana saurare. Ta danne ƙarfe mai sanduna biyu da zai ɗauki katakon, shi kuma ya ɗora lebur a kai.

"Ɗaga hagu... kaɗan... ya yi yawa! Yauwa, kumfar ta zo tsakiya. Kada ki yi numfashi."

"In mutu ke nan, Kafintana?"

Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Ya kama fensir da hagu zai sa alamar ramuka. Fensir ya zame, ya ja wani dogon zane a bango. Ya wurgar da shi.

"Kin gani? Ko ɗigo ba na iya yi! Me za ki ci a jikina?"

Ta ɗauko fensir ɗin, ta mayar masa cikin yatsu, ta rufe hannunsa da nata. Hawaye ya cika mata ido.

"Ba hannu na aura ba, masoyina. Da hannu nake nema, ai ina da biyu. Kai dai nuna mini wurin."

Tare suka ɗiga alamu huɗu. Ta riƙe injin, ya tokare bayanta da kafaɗarsa don kada bakin ya karkace. Ƙura ta zubo musu a ka. Ramin farko ya yi faɗi, robar da ke kama kusa ta ƙi zama. Ya ce ta sa babba, ya buga ta da guduma da hagunsa, sau uku yana kuskure, na huɗu ta shige. Ta ɗaure kusoshin yana cewa, "Ƙara... ƙara... tsaya, kada ki cinye kan kusar!"

Suka zura katakon a sandunan ƙarfen nan biyu. Ya shige sumul, ya manne da bango, ko takarda ba za ta ratsa ba.

Suna tsaye suna kallo Yaya ya yi sallama, makullin mota a hannu.

"Ina kayan naki?"

"Ga su can ana jerawa," ta ce, tana nuna kantar.

Yaya ya dubi ƙurar da ke kansu, ya leƙa ƙarƙashin katakon, ya leƙa sama. Sannan ya dafa da hannu biyu, ya saki nauyinsa duka, shi da ba ƙaramin mutum ba. Ko gezau.

"Wa ya kafa wannan?"

"Ita ce," in ji kafinta.

"Ƙarya yake yi, Yaya! Ni wayar wuta na so hudawa."

Yaya ya sauke hannu daga kantar. Ya jefa makullin a aljihu.

"Uku nake so a shagona. Za ku iya, ko in nemi wani?"

 Kafinta ya dubi matarsa, ta gyaɗa kai hawaye na gangarowa.

"Ka aiko da awon bangon," ya ce. "Kuma Yaya... ka ba Umma haƙuri. Matata ba ta zuwa ko'ina."

"Ai dama ban ce zan je ba!" in ji Auta, ta faɗa ƙirjinsa tana kuka tana dariya.