Ƙusa Uku a Jikin Kirya

Da la'asar sakaliya Hashimu ya isa gindin kiryar, cikin wani kwari bayan Bambeye. Ma'aikaci ne a lambun adana itatuwan gida da ke bakin Tahoua, kuma duk lambun an san hannunsa na dama: abin da ya dasa ba ya mutuwa. Shi ma ya san haka, har ya fi kowa sani. Da shugaban lambun, Mushe Filibus (Mushe wato Malam da Faransanci), ya ji cewa tsohuwar kirya ɗaya ce ta rage a kwarin, masu gawayi sun gama da sauran, sai ya turo shi ya tsinto iri, ya kuma kafa mata lamba.

Ya cika buhu da ƴaƴanta da suka zubo. Sannan ya fito da guduma, da ɗan farantin ƙarfe mai lamba goma sha bakwai.

Wani tsohon makiyayi, Talle, yana kora awakinsa gida. Ya ja ya tsaya.

"Ɗana, tsinci abin da ya hwaɗi, babu laihi. Amma ba a sa ma wanga icce ƙarhe."

"Baba, don a kiyaye ta ne. Ƙusa ukku kawai."

"Kai kana ganin masu gawayi don tausai sunka bar ta?"

Ya kaɗa awakinsa, bai ko waiwayo ba. Hashimu ya yi murmushin ɗan birni, irin wanda ba ya kai mutum ko'ina. Kirya kuwa taurin tsiya gare ta, sai da ya jiƙe da gumi kafin ƙusoshin nan uku su shige.

Rana ta faɗi. Ya ɗaure buhun a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Sai a lokacin ya lura kurciyoyi sun daina kuka. Iska ta tsaya cik. Wani wari ya taso, irin na jan ƙarfe in maƙeri ya tsoma shi a ruwa.

Wani abu ya soke shi a tafin hannun dama. Ya sake sukarsa. Ya sake. Ya duba, ba jini, ba ƙaya. Amma yatsun sun sandare, sun ƙi lanƙwasuwa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar guduma ce, daga bayansa. Gudumarsa kuwa tana cikin jakar da ke kafaɗarsa.

Ya juya a hankali.

Wata tsohuwa ce zaune a gindin kiryar, ta miƙe ƙafa ɗaya. A zaune take, amma kanta ya kusa taɓa reshen farko. Farantin lambarsa yana kafe a ƙwaurinta. Wani abu baƙi mai kauri kamar ƙaro yana tsiyaya daga ƙarƙashinsa.

"Ɗiyana ka kwasa, ban hana ba," in ji ta cikin raɗa. "Wanga hwa, mi na yi ma?"

Tsoro ya kama Hashimu.

"Inna, ki yi haƙuri. Ban sani ba."

"An gaya ma. Cire. In duhu ya ruhe da ƙarhenka cikin jikina, hannun ga nawa ne."

Jan yamma ya rage kamar zare a bakin tsauni.

Ya rarrafa. Ya kama gudumar da hagu, ya saƙala bakinta a kan ƙusar farko. Fatar ƙafar kaushi gare ta, sanyi ƙalau. Ya ja. Ta fito. Babban yatsansa ya motsa.

Ta biyu ta fito da ƙara. Numfashinta yana sauka a ƙeyarsa.

Ta uku ta lanƙwashe tun wajen bugawa. Ya ja, ta ƙi. Ya yi bisimilla, ya sa duk ƙarfinsa.

Ƙas.

Kan ƙusar ya faɗo ƙasa. Tsinin ya zauna ciki.

Tsohuwar ta ja dogon numfashi. Rassa suka fara saukowa.

Bai ɗaga kai ba. Ya zura da gudu cikin ƙaya da tsakuwa, ganye yana shafar bayan wuyansa, har ya faɗa tsakiyar awakin Talle.

Da safe suka koma tare. Moto ta tashi da bugu ɗaya. Buhun iri yana nan yadda ya ɗaure shi, an ɗora farantin lambar a kansa.

Irin ya tsiro, kirya talatin da biyu a jere. Hannun ma ya dawo, ban da yatsan tsakiya, wanda ba ya lanƙwasuwa, kuma da magariba yakan yi sanyi. Tun daga ranar, da igiyar kaba ake ɗaura lamba a lambun nan. Mushe Filibus bai yi gardama ba, don shi ya raka Hashimu asibiti aka ɗauki hoton ƙashin.

Likita ya ɗaga hoton a haske, ya nuna wani ɗan tsinin ƙarfe lanƙwasasshe a cikin ƙashin yatsan. Ya juya hannun gaba da baya yana neman tabo, bai samu ba.

"Malam," ya ce, "ta ina wannan ya shiga?"