Hannun Gudaji

Ranar da Rayhana ta fara ganin Gudaji, haƙorin mutum ne ya faɗo gaban takalminta.

Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Ta zo daga Gumel sayen atamfa, ta ratsa ta layin mahauta daidai lokacin da makaɗi ya saki kalangu. Wani direba ya bangaji wani saurayi mai sayar da nama, ko sannu bai ce ba. Kafin ƙiftawar ido direba yana ƙasa, baki duk jini, saurayin na tsaye a kansa yana huci.

Mata suka watse. Ita kuwa uwar karambani sai ta matsa.

"Me ya yi maka da zafi haka?"

Ya dubi hannunsa kamar na aro. "Wallahi ban sani ba. Kiɗan nan ne. In na ji shi, ba ni ke riƙe da kaina ba."

Tsohon ɗan dambe ne, tun yana ƙarami ake kaɗa masa kalangu ana tura shi fage. Ita kuma ilimin halayyar ɗan'adam take karantawa a kwaleji. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ba a yi wata biyu ba, ga Gudaji a ƙofar gidansu duk Juma'a bayan la'asar, da ƙunshin kilishi.

"Likitata, yau me littafin ya ce a kaina?"

"Malaman sun rabu, Zakina. Wasu sun ce a jini abin yake. Wasu sun ce ciwon yarinta ne da aka binne bai mutu ba. Wasu sun ce zancen da kake yi wa zuciyarka ne kafin ka kai duka. Ni dai ina bayan masu cewa sabo ne. An ɗaure maka kiɗa da naushi wuri guda, abin da aka ɗaure kuwa yana kwantuwa."

Sai ta kunna kalangu a waya ƙasa-ƙasa, ta tura masa kwanon fura. Ranar farko ludayi ya karye a hannunsa. A zuwa na shida yana sha yana kaɗa ƙafa.

Mahaifinta Malam Habibullah, wanda ya shekara talatin a sakatariya ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, da jin maganar aure ya ce atafau bai yarda ba.

"Na san ubansa a Ɗanzomo. Shi ya karya wa uwar yaron nan muƙamuƙi, har ta koma ga Allah ba ta sake tauna nama ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba zan ba da 'yata a dawo min da ita a gadon asibiti ba."

Ga kuma Taufiq, ɗan ƙanwar Malam, mai fiton kaya a boda, wanda ya daɗe yana zuba turare don Rayhana ba ta ko yi atishawa ba. Shi ya buɗe littafin da take rubuta aikinta na kwaleji a ɓoye ya ɗauki hoto. Ran nan sai ga saƙon Gudaji a wayarta:

"Ashe kare ne ni. Taufiq ya turo min littafinki, na ga sunana a ƙarƙashin labarin Baturen da ya koya wa kare dalalar da miyau in ya ji ƙararrawa. In jarrabawa kika ci da ni, Allah ya sa albarka. Gobe zan zo in ji daga bakinki."

Nan take ta mayar masa:

"Na rubuta, Zakina, kuma na yi laifi da ban nemi izininka ba. Amma ba don maki nake jiran Juma'a kamar mai jiran ruwan farko ba. Ka zo."



Washegari tana laɓe a zaure ta hango shi tafe, fuska a murtuke. Taufiq ya riga shi zuwa, da gora a hannu da makaɗa biyu da ya ɗauko don Malam ya gani da idonsa. Kalangu ya tashi.

"Ga karen Rayhana nan," in ji Taufiq. "Yi haushi mu ji mana."

Ya sauke masa gora a goshi. Gira ta tsage, jini ya rufe ido ɗaya. Rayhana ta ga hannun nan ya dunƙule, jijiyoyi sun miƙe har wuya, ta ce a ranta shi ke nan, an rasa aure an sami gawa.

Sai Gudaji ya zauna a ƙasa, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa.

Gora ta biyu a kafaɗa, ta uku a baya.

"Doki, ɗan'uwa," ya ce yana tofar da jini. "In ka gaji ka faɗa min."

Wani abu ya wuce Rayhana kamar guguwa. Malam ne, ba hula ba takalmi. Ya fizge gorar ya hau Taufiq ta ko'ina, ka, haƙarƙari, ƙwauri, har kalangu ɗaya ya fashe, makaɗa suka ranta a na kare. Taufiq na kiran Kawu, Kawu bai ji ba. Sai da Gudaji ya rungumo tsohon ta baya ya ɗaga shi sama.

"Baba, ya isa. Za ka yi kisa."

Yelwa, uwar Rayhana, ta leƙo riƙe da haɓa. "Malam, wannan kuma wa ka gado? Ni dai na san mahaifinka ladan ne."

Malam ya dubi gorar, ya dubi wanda ke riƙe da shi. Ya ce a hankali, "Sauke ni, ɗana. Ka turo magabatanka."

Rayhana na goge masa gira da ruwan ɗumi, hawaye na ɗiga a kan auduga.

"Ka yafe min?"

"Na yafe, Likitata. Amma ki gyara littafin. Da na so tashi, ba fura na tuna ba. Bakin Innata na gani, sai na ga naki."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a Gumel. Mahautan Maigatari suka kawo sa guda, Taufiq ya zo yana ɗingishi, ya ce wai daga babur ya faɗi, kowa ya yi masa sannu. Da za a kai amarya, Malam ya kama hannun daman ango ya ɗora nata a ciki.

"Ga amana. Na ga inda kake ajiye shi in rai ya ɓaci. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai sanyin zuciya, wadda ta biyo ka, ba ni ba."