Sandar Kaka a Hannun Mai Kisa

"Sandar kakana, Saif! A hannun mai kisa!"

"Wallahi, Sundus, jikin bango kawai na jingine ta."

Gaskiya ya faɗa. Saif ne ke shirya kayan ɗaki a wani musalsal, wato wasan talabijin mai dogon zango, na ɗan sanda mai binciken kisa a Madinar da, wanda ake ɗauka a tsofaffin gidajen Khaibar. Neman tsoffin kaya ya kai shi gidan su Sundus a unguwar Al-Azizya, ita ta buɗe masa ƙofa. Tun daga ranar, kowane kashi sai ya ɓoye mata wani abu: harafin sunanta a jikin tulu, launin mayafinta a labule. Ita kaɗai ke ganewa.

Sai ta ɗauko masa sandar a ɓoye, wadda kakanta ya dogara da ita daga Kano har Hijaz. Mai ba da umarni ya gan ta, ta burge shi, ya miƙa wa mai kisan cikin fim ɗin.

Umair, ɗan baffanta da ya daɗe yana son ta, ya tsayar da hoton, ya zagaye sandar da jan layi, ya tura wa dangi.

Mahaifinta, Malam Sabo, ya sa aka kira Saif. Bai ɗaga murya ba.

"Shekara biyu ubana yana tafe da ita. Ku kuma kun fasa kan mutum da ita don a yi kallo. Khalas, babu sauran maganar aure."

Kwana uku ba ta ɗaga waya ba. Saif ya rubuta: "Habibti, ko kin ci abinci?"

Ta amsa: "Baba bai san ni na ba ka ba. Tsoro nake ji."

"Kar ki faɗa. Bar min."

Ya je ya durƙusa gaban Malam Sabo. "Ya ammi, baffana, ni na roƙa, ni na ɗauka. Laifina ne."

Tsohon ya dube shi. "Ko 'yata, ko aikin nan."

Saif ya mayar da makullan ɗakin kaya, ya kama aikin tsince dabino a wani shago a Aƙiƙ.

Aka ɗaura aure bayan la'asar. Malam Sabo ya dafa kansa. "Allah ya yi muku albarka, ɗana."

Bayan sati biyu, da safe, tsofaffin abokan aikinsa suka turo hoton sabon ɗakin da suka shirya. Ya duba, ya kife wayar, ya sunkuya yana ɗaure takalmi.

Sundus na tsaye a kansa da kofin shayi.

"Saifina, da na faɗa wa Baba gaskiya, da yanzu kana cikinsu, ko?"