Kujera ta Huɗu a Teburin Evaristo

Kifi na je kai wa goggona, Tía Fermina, ranar da abin ya faru. Da almuru ne, ana yayyafi, kogin San Juan yana ta warin laka. Tun da ƙafafunta suka kumbura ba ta saukowa daga bene, ni ke kai mata cefane duk Alhamis.

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma a lokacin ina ji da kaina. Ni na haɗa mata rauta, ɗan akwatin nan mai fitilu da ke raba intanet, don ta riƙa ganin ɗanta Reinier da ke Uruguay. Ni kuma na ja waya ta kan rufi zuwa gidajen abokan dominonta uku: tsoho Evaristo, Nieves mai ɗinki, da Chucho direba. Shekara talatin su huɗun suna buga domino a ƙofar gida, suna zagin juna. Da tsufa ya zaunar da su, sai na mayar musu da teburin cikin kwamfuta.

Da farko wasan ya ƙi tafiya. Katangar tsaron da ke cikin kowace kwamfuta, wadda muke kira fayawol, ita ke tare shi. Maimakon in buɗe masa 'yar kafa, sai na kashe katangar gaba ɗaya a gidajen huɗu. Lalaci ne kawai, ba wani abu ba.

"Ba matsala, ko?" Tía ta tambaye ni ranar.

"Haba Tía, rauta ta ishe ku. Ita ce mai gadin ƙofa, na waje ba ya shigowa. Na ciki kuwa ai duk 'yan gida ne."

Evaristo ya rasu a Fabrairu. Nieves ta bi shi a Afrilu, Chucho a Yuni. Su biyun nan a zaune aka same su gaban kwamfuta, da almuru. Tsofaffi ne, ban kawo komai a raina ba.

Ranar da na kai kifin, tun azahar aka ɗauke wuta a unguwar, don haka da lalube na hau matakala. A hawa na biyu na ji warin taba. Irin mai kaurin nan da Evaristo yake naɗawa da hannunsa, wadda Tía ta hana shi shigo mata da ita ɗaki tun yana raye.

Sai na ji ƙara. Ƙwaras, ƙwaras. Ana juya 'ya'yan domino a kan katako.

Na tura ƙofa. Ɗakin duhu, amma fuskar kwamfutar tana haske. Tía na zaune a gabanta sanye da rigar zuwa coci, ta taje kai, ta shafa turare. A kusurwa, kofunan ruwan da take jera wa mamatanmu kan farin ƙyalle suna ta kumfa.

"Tía, ina kika samu wuta?"

"Rage murya, ɗiyata," ta ce da raɗa. "Evaristo ne ke rabawa. Kin san shi da mita."

Na ajiye kifin. A allon ga koren tebur, ga suna uku kowanne a kujerarsa. Ta huɗu babu kowa, sai ɗan akwatin rubutu a kanta: Zauna.

"Tun Yuni suke jira," ta ce. "Ba a wasa mutum uku."

Na dubi rautar. Fitilar intanet a mace take, babu abin da ke shigowa daga waje. Amma fitilun wayoyin gidajen uku suna ƙiftawa, kore shar. Ni da hannuna na kwance kwamfutar Evaristo bayan jana'iza, na raba kayan cikinta.

Hannun Tía ya ɗora kan linzamin kwamfutar, abin da ake jan kibiyar allon da shi.

Na durƙusa na fizge wayoyin. Sanyi ƙalau, a jiƙe, ƙasa ta manne musu. Ta ukun sai da ta ja ni baya kafin ta fita.

Fitilun ba su mutu ba.

A nan na gane. Mai gadi yana ƙofa yana kallon titi, su kuwa sun daɗe a ciki. Ni na ba su ɗaki.

Na ɓamɓare hannunta daga linzamin. Tsohuwar da ba ta iya buɗe kwalba, sai da na sa ƙarfina duka. Na shiga neman wurin kunna katangar. Ina ja hagu, kibiyar tana zamewa dama, wajen kujera ta huɗun.

Ƙarar dominon ta tsaya.

Wani ya ja kujera a bayana. Kujera ɗaya ce a ɗakin, kuma Tía ce a kai.

Numfashi ya sauka a ƙeyata, da ɗumin taba.

"Odalys," muryar ta ce, ƙasa-ƙasa. "Ke kika ce mu 'yan gida ne."

Ban juya ba. Na danne linzamin da hannu biyu.

Kibiyar ta taɓa gefen kujerar.

Na ja ta zuwa wurin kunna katangar. Na danna.

Aka buga ɗan domino a tebur, da ƙarfin wanda aka cinye. Kofi ɗaya ya tsage. Allon ya mutu, fitilun suka bi shi, na ji ruwa yana ɗiga a siminti.

A cikin duhun Tía ta fashe da kuka. Ba na tsoro ba ne, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Washegari na ɗauko ta na dawo da ita gidana. Na kwance wayoyin rufin na ƙone. Na goge wasan, na canza rauta, har kwamfutar na canza, don ba zan iya raba ta da ganin ɗanta ba. Yanzu duk gidan da na je aiki, wanda ya ce mini rauta ta isa, ba na musu da shi. Kunna masa katangar nake yi in tafi.

Amma kullum da almuru ɗan akwatin rubutu yakan fito: Evaristo yana neman shiga. A bar shi, ko a hana? Na saita katangar ta daina tambaya, ta ƙi dainawa. Daga ciki kaɗai ƙofar ke buɗuwa, shi ya sa in zan fita nake jefa linzamin a jakata.

Jiya ina dafa mata kofi, na ga ta sa rigar cocin, ta taje kai. Ta tsura wa maɓallan rubutu ido, tana shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗiyata," ta ce, "in babu linzami, wanne ake dannawa a ce to?"

Na ce mata babu. Ta yi murmushi, ta ce za ta tambayi Reinier ran Lahadi.