Wanda Ya Tsaya wa Ɗan Wasu

"Ki zaɓa, 'yar nan. Ko ɗana, ko mutanen cocin nan."

Barista tana durƙushe a gaban Hajiya, mahaifiyar Injiniyan da za ta aura. Kanta a sunkuye yake, amma wuyanta bai tanƙwaru ba.

A gefe 'yar ƙanwar Hajiya tana danna waya tana murmushi. Ita ta kawo labarin cewa Barista za ta tsaya wa wani Kirista a kotu, ita kuma ta daɗe tana son Injiniya.

"Hajiya, ƙa'idar ƙungiyarmu ce. Tun bayan rikicin unguwa muka yi alkawari: in an kama Musulmi ba da laifinsa ba, Kirista ke tsaya masa. In Kirista ne, mu ke tsayawa."

"Naku sun ƙare ne?"

"Namu suna da masu tsaya musu... a can."

"Kin ji bakin boko," in ji 'yar ƙanwar.

Barista ta miƙe ta yi sallama, ba ta yarda hawayen ya zubo ba sai a bakin titi.

Injiniya bai kira ba. Ita ma ta hana yatsanta taɓa lambarsa, ko da yake ta sha buɗewa tana kallo. A gida yayyenta suka daina yi mata magana. Ta shanye.

Ranar zaman kotu ta tarar da Maman Tela a kan benci, rungume da jakar kayan ɗanta. Tela ne Kiristan da aka kama, alhali ranar rikicin yana shago yana ɗinki. Alƙali ya ce ba beli sai mutum biyu sun tsaya masa, Barista ce ta farko. Na biyun, wani ɗan kasuwa, ya kashe wayarsa tun safe.

"'Yata, ki bari kawai," in ji tsohuwar. "Na ji abin da ya same ki saboda mu."

"Mama, ban iya bari ba."

"Wannan gaskiya ne."

Muryar daga bayanta ta fito. Injiniya ne, hular aiki a hannu, takalmansa duk siminti.

Ta ɗauke kai. "Me ya kawo ka?"

"An ce ana neman mutum na biyu."

"Hajiya fa?"

"Na tambaye ta wa ya fito da Kawu, ƙaninta, daga hannun 'yan sanda bara. Ba ta sani ba. Na kai ta gidan Faston da ya tsaya masa, ta gan shi da idonta." Ya rage murya. "Ba ta ce ta yarda ba, rabin raina... amma da zan fito ta ce in sa riga mai kyau, kada in ba ki kunya."

Barista ta kalle shi sama da ƙasa. "Wannan ce mai kyaun?"

"Sauri nake."

Maman Tela ta yi dariya tana share ido. "Ku fito min da ɗana, shi zai ɗinka muku na aure."

Magatakarda ya leƙo ya kira masu tsayawa. Suka shiga tare.