Jan Zaren Odessa

Kwana uku Cleophus Tate yana tsaye a ƙofar ofishin 'yan sanda, hula a hannu, kafin aka bar shi ya ga Odessa, marainiya 'yar ƙanwarsa da ya raina tun tana rarrafe. Wayyo Allah! Fuska a kumbure, hannun daman da take guga da shi a shagon wanki ga shi nan a karye...

Ranar da tarzoma ta ɓarke, unguwar baƙaƙen fata ta kama da wuta, aka kamo ta, lokacin da 'yan sanda suka bi titi suna jibgar duk wanda suka gani da kaya a hannu.

"Kawu, ban saci komai ba," ta ce cikin kuka. "Rigunan mawaƙan coci ne na goge zan kai. Na ce wa ɗan sandan da ya kama ni, Yallaɓai Dorsch, ni ce fa mai yi maka guga! Sai ya ƙara mini kulki, don kada abokansa su ji baƙar yarinya ta san sunansa."

"Kai yaro, fita haka nan!" in ji mai gadi. Yaro! Mutum da furfurarsa! Cleophus ya haɗiye fushinsa, ya fita yana roƙon Ubangiji kada a ɗaure masa ita.

A kotu Dorsch ya rantse bai taɓa sanin ta ba, wai daga wani shago da aka fasa ya cafko ta. Cleophus ya miƙe ya fuskanci alƙali.

"Ranka ya daɗe, ban yi karatu ba. Amma kowace mai guga a unguwarmu tana da alamarta a cikin wuyan riga, ta 'yata ɗinki uku ne da jan zare. A duba rigunan cocin... sannan a duba wadda ke jikin Dorsch!"

Alƙali ya sa aka juya wuyan rigar Dorsch. Ɗinki uku, jajaye!

"Kunya ba ta ishe ka ba, maƙaryaci!" wata tsohuwa ta kwarma ihu daga baya. "Shekara uku tana goge maka ƙazantarka!"

Aka tuɓe Dorsch daga aiki, aka sallami Odessa. Hannun ya warke a karkace, guga ta gagare ta, matan coci suka saya mata keken ɗinki. Amma har yau, kullum da la'asar, Cleophus na tsaye a bakin ƙofa, ba ya zama sai ya hango ta ta karyo kwana.