Zancenmu na Shiru

Baraka, yau ma Inna ta zuba tuwo kwano biyu, sai da ta miƙo mini sannan ta tuna. Ta mayar da ɗayan tukunya. Shi ya sa na fito zaure in yi magana da ke. Kin san ni ba ɗan boko ba ne, a ƙaramar sakandare na tsaya, ki yi haƙuri da yadda maganar za ta zo.

Hular babanki ce ta haɗa mu. Kin kawo ta wanki shagona na ɗinki da wankin hula a Ƙofar 'Yandaka, kika mance da ita har damina ta wuce. Ranar da kika dawo, cikin fararen kayanki na malaman asibiti, kika ce, "Malam, don Allah nan na kawo hula ko ba nan ba? Duk layin nan na bi ina tambaya." Na yi dariya, ke ba ki yi ba. Sai daga baya na gane abin da ke ba mutane dariya shi ke sa ki kuka.

A asibiti, in aka kawo mutum rai a hannun Allah, babu mai saurinki. Amma rahoton da ake rubutawa bayan nan, sai ki zauna gabansa kamar an ɗaure miki hannu. Aka yi miki gargaɗi, aka sake. Wata babba a cikinku ta tura ki wurin Dakta Zuwaira, likitar da ba ta allura, sai dai a zauna a yi magana. Duk Laraba kike zuwa, ita ta faɗa miki sunan abin, ADHD, wato hankali ya ƙi tsayawa wuri guda.

"Idi, ka san kasuwa ranar cinta?" kika ce da ni. "Haka kaina yake kullum, kowa na kirana lokaci guda. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma lalaci ba. Ka ji? Ba lalaci ba ne."

Ita ce ta ce ki nemi mai zama kusa da ke in za ki yi aikin da ke gundurarki, ba sai ya ce uffan ba. Haka zancenmu ya koma. In zo gidanku a Kambarawa da la'asar, ni a benci da hula da allura, ke a tabarma da takardunki. Ƙannenki na leƙe suna cewa Yaya da saurayinta sun yi faɗa. Ni kuwa ban taɓa hira mai daɗin wannan ba.

Da maganar aure ta taso, aka tura Baffa Babaji, ƙanen marigayi mahaifina, ya yi bincike. Ina tsakar gida ya dawo.

"Ka ishe iyayen mutanen kirki?" in ji Inna.

"Iyaye kam ba laifi, Indo. Amma ɗiyar, duk Laraba tana sashen masu taɓin hankali. Kuma ba aiki ke kai ta ba, layi take bi."

Na ce, "Inna, ba hauka ba ne, likitar ta ce…"

"Rufe mini baki! Mi ka sani? Sai ta haifa maka masu tsince-tsince a bola sannan ka zo kana mini Turanci? Ban yafe ba in ka sake taka Kambarawa."

Ban yi musu da Inna ba, ban kuma ce na fasa ba. Na daina zuwa, sai waya. Rannan kika kira.

"In na daina zuwa Laraba, za su yarda?"

"Kada ki daina, Baraka."

"Ai na riga na daina."

Daga nan komai ya warware miki. Ba likita, ba mai zama kusa da ke. Kika fara makara wurin aiki, rahotanni suka taru, aka ce saura kuskure ɗaya a sallame ki. Kina kuka kika ce, "Ga shi na daina. Aikin zai tafi, kai ma ban same ka ba." Na ce ki yi haƙuri. Na faɗa har kalmar ta fara ba ni kunya.

Sai kika yi abin da ba a saba gani ba, kika zo gidanmu da ƙafarki, ke kaɗai. Ina ɗaki ina jinku. Kika durƙusa kika gaida Inna, ta amsa a daƙile. Kika kama maganar ciwon ƙafarta, kika faɗa maganar tsadar magani, kika yi sallama kika fita. Can sai ga ki, kin bar jaka. Kika fita, kika dawo, waya ce. Da kika sake shigowa, a bakin ƙofa kika zube.

"Inna, ki gafarce ni. Abin da ya kawo ni ne na mance ban faɗa ba."

Sai na leƙo. Na ga Inna ta kai bakin mayafi ido.

"Matso nan, ɗiyata," ta ce. "Haka Malam Mati yake, uban yaron nan. Ya taɓa barina a tasha da goyo, ya hau mota ya taho gida, sai da ya ishe ɗaki ba kowa ya tuna tare muka fita. Danginsa suka ce sakarai ne, wasu suka ce ni na yi masa asiri. Ni kuma na ɗauka bai damu da ni ba, na yi ta yi masa gori. Har ya koma ga Allah yana ce mini, Indo, ni ban san mi ke damuna ba." Ta share hawaye. "Likitar nan taku, da gaske tana da dabara?"

"Tana da ita, Inna."

"To ki koma. Babaji kuma ki bar ni da shi, ai yana cikin masu cewa sakarai."

Bayan sallar layya aka ɗaura. Kika koma Larabarki, aiki ya miƙe, har aka ba ki shugabancin ɗakinku na asibiti. In ina shago, Inna ce ke jawo kujera kusa da ke tana ɓarar gyaɗa. Bakinta ba ya iya shiru, sai ki ce, "Inna, likita ta ce ba magana." Ta ce, "Likitar ta zo ta hana ni a gidana."

Ba mu cika shekara biyu ba zazzaɓi ya zo da damina, ya tafi da ke. Mutane na cewa haƙurinmu bai biya ba. Ya biya, Baraka. Kin tafi kin san ke ba sakarya ba ce, abin da babana bai samu ba. Da duk iyaye za su tambayi mene ne ke damun ɗan mutum kafin su yanke masa hukunci, da gidaje da yawa ba su rushe ba. Neman magani ba abin kunya ba ne, rashin tambaya ne ke cutarwa.

Tun da kika tafi hannuna ya ƙi allura, barci ya ƙi ni. Larabar da ta wuce na rufe shago na tafi asibiti, na bi layin da Baffa ya gani ya tsorata. Dakta Zuwaira ta gane ni. Ta ce in faɗi abin da ke raina, na kasa, na yi ta kuka gaban mace kamar yaro, ba ta hana ni ba. Ta ce in dawo, kuma zan koma.

Ko Inna ba ta sani ba. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.